Yadda Mai Bi Zai Zaɓi Farin Ciki da Bege Kowace Rana

Manzo Bulus yana tsare a kurkuku sa'ad da ya rubuta wa ikkilisiyar Filibi wasiƙarsa mai sura huɗu, bai kuwa san ko sakinsa za a yi ko kashe shi ba, amma duk da haka a Filibiyawa 4:4 ya umarce su su yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, har ya maimaita umarnin a cikin aya guda. Ba a umartar mutum ya yi abin da ba shi da hannu a ciki ko kaɗan, saboda haka akwai wani rabo na wannan al'amari da ke wuyan mai bi. A Galatiyawa 5:22 kuma Bulus ɗin nan ya lissafa farin ciki a cikin abubuwan da Ruhu Mai Tsarki yake haifarwa a zuciyar mutum, wato kyauta ce daga Allah. Maganganun biyu ba su ci karo da juna ba. Manomi ba shi ke saukar da ruwan sama ba, amma shi ke sharar gona, ya yi huɗa, ya shuka, ya nome, wanda kuwa ya naɗe hannu yana jiran damina, ruwan zai zo, sai dai ciyawa ce za ta sha.

Kafin a shiga matakan, ya kamata a kawar da wata koyarwa da ta yaɗu a wasu majami'u, wadda take cewa duk mai cikakkiyar bangaskiya ba zai ga talauci ko ciwo ba. A ganina wannan koyarwa ta fi kowace ƙwace wa masu bi farin cikinsu, domin idan wahala ta zo, sai mutum ya haɗa ta da zargin kansa, yana tsammanin bangaskiyarsa ce ta gaza. Wanda ya karanta 2 Korantiyawa 11:24-27 zai ga cewa an yi wa Bulus bulala arba'in ba ɗaya har sau biyar, an doke shi da sanduna sau uku, an jejjefe shi da duwatsu, jirgin ruwa ya fashe da shi sau uku, ya sha yunwa da ƙishirwa da sanyi. A Filibiyawa 4:11-12 ya ce koya ya yi yadda zai zauna da wadar zuci, ko a ƙoshe ko a yunwace. Abin da ake koya kuwa yana da hanyar da ake bi, kuma yana bukatar maimaici.

Mataki na farko tun daren jiya yake somawa. Kafin ka kwanta, ka yanke shawarar lokacin da za ka tashi da wurin da za ka zauna, ka ajiye Littafi Mai Tsarki inda hannunka zai kai, wayarka kuma ka sa ta nesa da shimfiɗa. Markus 1:35 ya nuna cewa Yesu ya tashi tun da sauran duhu, ya fita zuwa wurin da ba kowa, ya yi addu'a. Wanda yake zaune a ɗaki ɗaya da iyalinsa a gidan haya ba zai sami irin wannan wuri ba, amma zai sami bakin ƙofa kafin maƙwabta su fito, uwar gida kuma za ta sami madafa kafin ruwan zafi ya tafasa. A garuruwan da muke zaune tare da 'yan'uwanmu Musulmi, kiran sallar asuba yakan tashi unguwa duka, ba laifi kuwa Kirista ya mai da wannan lokaci ya zama nasa lokacin tashi. Minti 15 ya isa a farko. Gara minti 15 da za a riƙe kowace safiya da awa guda da za a yi sau biyu a watsar.

Da ka farka, maganar farko da za ta fito daga bakinka ta zama wadda ka riga ka zaɓa, domin idan ba ka zaɓa ba, bashin da ake binka ko faɗan jiya ne zai riga ka magana. Mutane da yawa sukan fara da Zabura 118:24, wadda take cewa wannan ita ce ranar da Ubangiji ya yi, sai mu yi murna a cikinta. Ni na fi ba da shawarar Makoki 3:21-23, saboda yanayin da aka rubuta ta. Littafin Makoki kuka ne a kan Urushalima bayan da mutanen Babila suka rushe ta, suka ƙone Haikali, wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Marubucin ya cika ayoyi 20 na farkon surar da ɗacin ransa, sa'an nan a aya ta 21 ya ce akwai abin da yake tunawa, shi ya sa yake da bege: ƙaunar Ubangiji ba ta ƙarewa, jinƙansa sabo ne kowace safiya. Birnin yana nan a rushe lokacin da ya faɗi haka, abin da ya juya shi ne inda ya kai tunaninsa da gangan. Ka haddace ayoyin nan uku, ka faɗe su da murya yadda kunnenka zai ji, ko da ranka bai amsa ba tukuna.

Mataki na biyu shi ne karatu, kaɗan kuma a hankali. Wanda bai saba ba ya fara da Filibiyawa, sura ɗaya kowace safiya, idan ya gama a kwana huɗu ya koma farko, har wasiƙar ta zauna masa a ka. Daga nan sai ya shiga Zabura. Su 150 ne, wanda ya karanta biyar a rana zai gama a wata guda, sai dai guda ɗaya da aka tsaya a kanta ta fi biyar da aka wuce da gudu. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, an kuma sake fassara shi daga baya, yanzu har akwai na saurare a waya domin wanda karatu yake yi wa wuya ko idonsa ya yi rauni. Bayan karatun ka tambayi kanka abin da nassin ya nuna game da halin Allah, da alkawari ko umarnin da ke cikinsa, da abu guda da za ka yi yau saboda shi. Ka rubuta aya ɗaya a 'yar takarda ka sa a aljihu. Al'adar buɗe Littafin a ko'ina da ido a rufe, a ɗauki ayar da yatsa ya faɗa a kai a ce saƙon yau ke nan, ba ta da amfani, takan ma jefa mutum cikin tsoro ba gaira ba dalili.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi bukatar a daɗe a kansa, wato abin da za a yi da damuwa. Filibiyawa 4:6-7 bai tsaya ga hana damuwa kawai ba, ya faɗi inda za a kai ta: a sanar da Allah bukatu ta wurin addu'a da roƙo tare da godiya, salamar Allah kuwa za ta tsare zuciya da tunani. Domin a yi haka da gaske, sai an kira kowace damuwa da sunanta. Addu'ar da take cewa Allah ya kawar da dukan matsalolinmu tana da kyau, amma sau da yawa mutum yakan tashi daga gwiwarsa da nauyin da ya durƙusa da shi, domin bai taɓa ainihin abin da ke cin ransa ba. Ka sami ƙaramin littafin rubutu, ka jera su: kuɗin makarantar yara, kuɗin haya da ya ƙarato, ciwon mahaifiya, ɗan da ya gama karatu ba aiki, hanyar da za a bi gobe wadda ba ta da tsaro. Tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suka hau, jerin nan ya ƙara tsawo a gidaje da yawa, ba kuwa abin kunya ba ne mai bi ya rubuta farashin mudun masara a cikin addu'arsa.

Idan ka gama jerawa, ka raba su gida biyu. Kashi na farko shi ne abin da kake da ikon taɓawa yau, a gaban kowanne kuma ka rubuta aiki guda ƙarami: zuwa wurin shugaban makaranta a nemi a biya kashi-kashi, kiran wanda kake bin bashi, kai mahaifiya asibiti a auna jininta. Sa'ad da maƙiya suka yi barazana ga masu ginin garun Urushalima, Nehemiya 4:9 ya ce sun yi addu'a ga Allah, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Kashi na biyu shi ne abin da ba ya hannunka, kamar ruwan damina, da hukuncin wani a kanka, da abin da shekara mai zuwa za ta kawo. Waɗannan ka ambace su ɗaya bayan ɗaya, ka miƙa su ga Allah kamar yadda 1 Bitrus 5:7 ya ce a zuba masa dukan damuwa domin yana kula da mu. Yesu ya koya mana mu roƙi abincin yini, a Matiyu 6:34 kuma ya ce wahalar kowace rana ta ishe ta. Haka aka yi da manna, abincin da Allah ya saukar wa Isra'ilawa a jeji: na rana ɗaya ake tarawa, wanda ya ɓoye saura domin gobe sai ya tarar ya yi tsutsa, in ban da jajiberin Asabar. Kada ka yi mamaki idan damuwar da ka miƙa da asuba ta dawo kafin azahar, domin za ta dawo. Idan ta zo, ka gaya wa kanka cewa wannan ka riga ka ba da ita, ka koma ga aikin da ke gabanka, ko da sau goma za ka yi hakan a yini.

Mataki na huɗu godiya ce, kuma ita ma sai an kama suna. A cikin littafin nan naka, ka rubuta abubuwa uku na jiya da ka gode wa Allah dominsu, kada kuma su zama iri ɗaya kullum. Lafiya da rai abin godiya ne, amma idan su kaɗai ake faɗa kowace safiya, baki yakan faɗe su hankali yana wani wuri. Ka tuna maƙwabciyar da ta riƙe miki yaro kika je kasuwa, ko wutar lantarki da aka kawo daidai lokacin da ake bukatar niƙa, ko zazzaɓin da ya sauka cikin dare. 1 Tasalonikawa 5:18 ya ce a yi godiya a cikin kowane hali, wannan kuwa ba ya nufin a gode saboda mugunta, sai dai ko a tsakiyarta akwai abin da Allah ya bari a hannun mutum. A Luka 17 kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya ne kawai ya komo ya yi godiya, shi ma Basamariye. Idan alherin ta hannun mutum ya zo, ka je ka gaya masa. Iyaye kuma za su iya sa kowane yaro ya faɗi abu ɗaya a lokacin sujadar iyali, yara sukan ga abin da manya suka wuce.

Daga nan sai a fita, a nan ne kuwa ake gwada abin da aka yi da safe. Mataki na biyar shi ne tsaron abin da ke shiga ido da kunne cikin yini. Filibiyawa 4:8 ya ce a riƙa tunani a kan abin da yake na gaskiya, da mai daraja, da na adalci, da mai tsabta, da abin ƙauna, da abin yabo, gaskiya ce kuwa aka fara ambata. Yawancin saƙonnin tashin hankali da ake turawa a WhatsApp ba a san mafarinsu ba, wasu hotunan ma na wata ƙasa ne ko na shekarun baya. Mai bi yana bukatar sanin halin tsaro a yankinsa, babu mai hankalin da zai ce a toshe kunne, amma jin labarai sau biyu a rana daga kafar da aka amince da ita ya wadatar. Bidiyon gawarwaki kada ka buɗe, kada kuma ka tura wa wani. Facebook yana da tasa illar dabam, domin a can kowa bikinsa da sabuwar motarsa yake nunawa, mai kallo kuwa yana gwada su da tukunyar gidansa, har ya raina abin da ya gode dominsa da asuba.

Hira ma haka take. Akwai majalisar da ba a tashi daga ita sai rai ya ɓaci, domin daga tsinewa gwamnati sai cin naman wanda ba ya nan. Filibiyawa 2:14 ya ce a yi kome ba tare da gunaguni ba. Ba sai ka zama mai yi wa abokan aikinka wa'azi ba, wannan yakan kore mutane ne kawai. Ya isa ka tambayi abin da za a iya yi game da matsalar, ko ka kawo wani zance, ko ka nemi izini ka tashi. Idan kuma gunagunin daga cikinka yake fitowa, ka bi hanyar mai Zabura, wanda sau uku, a Zabura 42:5 da 42:11 da 43:5, ya juya ya tambayi ransa dalilin da ya sa ya karai, sa'an nan ya umarce shi ya sa zuciya ga Allah. Ka ciro takardar da ke aljihunka ka karanta, ko ka rera waƙar sujada da ka sani tun kana yaro. Bulus da Sila waƙa suke yi da tsakar dare a kurkukun Filibi, bayansu duk miki, ƙafafunsu a turu, sauran 'yan sarƙa suna saurare.

Mataki na shida gajere ne: ka kula da jikinka. Sa'ad da annabi Iliya ya gudu jeji ya roƙi Allah ya ɗauki ransa, a 1 Sarakuna 19, abin da mala'ika ya fara kawo masa shi ne gurasa da tulun ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashinsa ya ci, magana kuwa sai daga baya a Dutsen Horeb. Wanda yake kwana a kan waya, ya wuni bai ci ba, ba zai rasa baƙin rai ba, kuma ba kowane baƙin rai ne harin Shaiɗan ba.

Mataki na bakwai shi ne fita daga kaɗaici. A Nehemiya 8:10, inda aka ce farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinmu, farkon ayar umarni ne ga jama'a su je su ci su sha, su kuma aika da rabo ga waɗanda ba su da kome. Ka sa wa kanka ƙa'idar yi wa mutum ɗaya alheri kowace rana, ko da kiran waya ne ga gwauruwa, ko kwanon tuwo ga maƙwabci, Kirista ne ko Musulmi. Zumunta a ƙafa take, saboda haka sujadar Lahadi kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da addu'ar tsakiyar mako, ko ƙungiyar mawaƙa, ko Zumuntar Mata, inda za a lura idan ba ka zo ba. 'Yan'uwanmu na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) sun san wannan fiye da kowa. A 2014 aka sace 'yan matan Chibok, waɗanda yawancinsu 'ya'yan ikkilisiyar ne, a shekarar kuma Boko Haram ta mamaye hedikwatarsu da ke Kwarhi kusa da Mubi, amma waɗanda suka watse suka ci gaba da taruwa domin sujada a wuraren da suka yi gudun hijira. Abu ɗaya da ke ɓata zumunta shi ne riƙo. Ko a wasiƙar Filibiyawa, wasiƙar farin cikin nan, sai da Bulus ya tsaya ya roƙi mata biyu, Afodiya da Sintiki, su shirya. Idan akwai wanda kake kauce wa gaisawa da shi a ƙofar majami'a, ka nemi dattijo ɗaya ya zauna da ku, kada ka jira shi ya fara.

Da dare, kafin barci, ka ɗauki minti biyar ka duba yinin. Ka tuna inda ka ga hannun Allah, ka tuna inda ka yi fushi ko ka yi ƙarya, ka tuba a gajarce ba tare da azabtar da kanka ba, domin 1 Yahaya 1:9 ya yi alkawarin gafara ga wanda ya furta zunubinsa. Afisawa 4:26 ya ce kada rana ta faɗi muna cikin fushi, miji da mata su fi kowa kiyaye wannan. Ka rufe da Zabura 4:8, ka ajiye Littafin inda za ka same shi gobe. Ranar da ka makara ko ka manta, kada ka ce sai farkon wata za ka sake somawa, ka ci gaba washegari daga inda ka tsaya.

Akwai ranakun da duk wannan zai yi nauyi, kamar ranar rasuwa, ko ranar da aka kore ka daga aiki, ko aka cinye maka gona. A irin wannan rana, zaɓen bege yana iya zama kuka a gaban Allah maimakon juya masa baya. Zabura 13 ta tambayi Ubangiji har yaushe, sau huɗu a ayoyi biyu na farko, Zabura 88 kuma ta ƙare cikin duhu ba tare da kalmar ta'aziyya ba, dukansu kuwa suna cikin Littafi Mai Tsarki. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru ko da yake ya san zai tashe shi. Idan ƙarfi ya ɗan dawo, ka karanta Habakuk 3:17-18, inda annabin ya lissafa itacen ɓaure da bai yi toho ba, da gonakin da ba su ba da abinci ba, da garken da ya ƙare, kafin ya ce duk da haka zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Ka sa naka asarar a wurin nasa, ka faɗe ta filla-filla, sa'an nan ka faɗi aya ta 18. Wanda kuma ya je gaisuwa kada ya ɗora wa mai makoki umarnin farin ciki, domin Karin Magana 25:20 ya tsawata wa mai rera waƙa ga mai baƙin ciki, Romawa 12:15 kuwa ya ce a yi kuka tare da masu kuka.

Sai dai akwai baƙin cikin da ciwo ne, wanda yake bukatar magani. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye ransa a dagule kusan kullum, abin da yake jin daɗinsa a da ya fita ransa, barci da cin abinci suka rikice, ya kasa aikinsa, to ya gaya wa fastonsa ko wani na kusa da shi, ya kuma ga likita. Akwai asibitocin gwamnatin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, likitan babban asibiti mafi kusa kuma zai iya dubawa ya tura shi inda ya dace. Wanda tunanin kashe kansa ya fara zo masa kada ya jira mako biyun, a ranar ya faɗa wa wani, wanda aka gaya wa kuma kada ya bar shi shi kaɗai har sai sun isa wurin likita tare.